Sunan da Teyatur Ya Bar wa Yakuba Mai Faci

Shekara ashirin da biyu na yi ina jan motar haya tsakanin Gaya da Doso, kuma ban taɓa kai tayata wurin wani mai faci ba in ba Yakuba ba. Rumfarsa tana bakin titin da ke gangarawa gada, daidai inda kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke jeruwa suna jiran takardu kafin su ƙetare zuwa Malanbil, garin da ke wancan gefen iyaka. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska mai tari kamar tsoho, rabin durom cike da ruwa don neman huji, ƙarafan ɓalle taya, da benci guda da direbobi suka goge da zama har ya yi sheƙi. Mutum ne dogo, mai ɗan rankwafawa, da manyan kunnuwa da hula ba ta iya rufewa. A takarda sunansa Yakuba Sallau. A gari kowa Kunne yake ce masa, tsofaffi kuma su cika su ce Kunnen Duwan.

Sunan ya samo asali ne tun 1985, zamanin samariya, lokacin da kowane gari ke da ƙungiyar matasa masu waƙa da rawa da teyatur, wato wasan kwaikwayo. Wani malamin lakkol, makarantar boko, da muke kira Mushe Siddo ya rubuta wasa ya sa masa suna Gaɓa Biyu. Labarin ƴan kasuwa ne masu ƙetare gulbi da kaya, da wani mutum da ke cin tuwo tare da su, ya ji sirrinsu, sannan ya zagaya ta baya ya kai wa ƴan duwan, wato jami'an kwastam. Babu wanda ya yarda ya fito a wannan matsayi. Yakuba yana da shekara ashirin da biyu a lokacin, bai daɗe da koyon faci ba, kuma ya shiga ƙungiyar ne don ɗaukar benci da kafa labule. Mushe Siddo ya dube shi, ya dubi kunnuwan, ya ce an samu mutum.

Wasan ya ci gasa a Doso. Bayan wata biyu mutanen tele, gidan talabijin, suka zo daga Yamai da mota ɗaya da na'urori, suka yi kwana tara suna ɗauka a bakin gulbi, cikin kasuwa, da bayan wani tsohon shago da aka mayar ofishin duwan na wasa. Aka raba shi kashi takwas, ana nunawa kowace Alhamis bayan magariba. Duk wanda ke Gaya a wannan shekara ya san yadda filin gidan samariya ke cika, mata a gefe guda da kujerunsu, maza a tsaye a baya, ana kallon akwati ɗaya da aka ɗora kan tebur. Yakuba yana da wani salo da ya ƙirƙira da kansa. Sai ya sa hannu bayan kunne, ya karkata kai, ya ce cikin sanyin murya, "Ni dai ban ce komai ba." Da ya faɗa sai fili ya kece da dariya, tsofaffin mata na tsine masa suna share hawaye.

Ya ji daɗin sunan, ba zan ɓoye ba. Ko a tashar Doso ana nuna shi da yatsa, masu shayi na ƙin karɓar kuɗinsa. Matarsa Nasiba takan ba da labarin cewa da ya zo neman aurenta, kakarta ta ce ba za a ba magulmaci ba, sai da aka kai ta filin ɗaukar wasa ta ga ɗan duwan ɗin ma Rashidu ne, ɗan maƙwabcinta, da kakin aro.

An sake nuna Gaɓa Biyu sau ɗaya, wajen 1991. Daga nan ba a ƙara ganinsa ba. Mushe Siddo ya rasu, ƴan ƙungiya suka watse, wasu aure ya kai su nesa, wasu suka tafi Kwatano neman abinci. Rashidu ya zama yaron kamiyo, ya mutu a hatsari a hanyar Kandi. Gari ya buɗe, baƙi suka cika shi daga ko'ina saboda harkar iyaka. Gidajen kallo suka zo da fina-finan Indiya da na Sin da na Kano, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa katin portabul, wato wayar hannu. A cikin wannan tarin kaya ba a taɓa samun Gaɓa Biyu ba. Yakuba yakan tambayi masu sayar da kaset jefi-jefi, in sun ce babu sai ya ɗaga kafaɗa ya koma kan tayarsa. Bai ɗauke shi abin damuwa ba. Sunan dai ya zauna, har ƴaƴan da aka haifa bayan shekara ashirin suna kiransa Baba Kunne ba tare da sun san dalili ba.

Da aka rufe iyaka a 2023, komai ya canza a wannan titi. Kamiyoyi suka daina motsi, tayoyinsu suka sace a inda suke tsaye. Mutane da kaya suka koma kwale-kwale. Wanda ke da hali ya ƙetaro da buhuna ta mashigan da ke ƙasa da gari, masu babur da amalanke su kwashe su shigo da su ta lungu. Aikin Yakuba ya koma facin babura da hura tayar amalanke. Ni kuma a lokacin na bar tuƙin haya saboda ciwon baya, don haka kusan kullum ina kan bencinsa da safe.

Akwai wani ɗan kasuwa matashi, Alhaji Abdurrahman, wanda iyayensa suka zo Gaya yana ƙarami. Yana harkar shinkafa da man girki. Sau biyu cikin wata ɗaya ma'aikatan duwan suka tare kayansa a hanyar shigowa gari suka kwashe. Duk sau biyun, masu baburansa sun tsaya rumfar Yakuba sun sha iska kafin su gangara bakin ruwa. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ita ce rumfa ta ƙarshe kafin gangaren. Amma mutumin da ya yi asara ba ya rasa inda zai kai zargi, kuma wani cikin yaransa ya tuna masa da sunan.

Wata Talata da hantsi Abdurrahman ya zo rumfar. Bai zauna ba, ko da yake na matsa na ba shi wuri.

"Baba Yakuba, tambaya na zo yi," ya ce. "Me ya sa ake ce maka Kunnen Duwan?"

Yakuba ya yi dariya, ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa. Wannan tambaya ce da yake son amsawa. Ya fara ba da labarin Mushe Siddo da gasar Doso, har ya sa hannu bayan kunne ya yi salon nan nasa. Abdurrahman bai ko murmusa ba.

"Wane teyatur ne wannan da ba wanda ya taɓa gani?"

"Duk Gaya ta gani, ɗana. Ba a haife ka ba ne."

Abdurrahman ya zaro portabul daga aljihu ya miƙa masa. "Ga shi. Duk abin da aka taɓa nunawa a tele yana cikin nan. Kokawar da aka yi kafin a haife ni ina kallonta a nan. Nemo mini naka."

Yakuba bai iya neman komai a waya ba, sai Abdurrahman ya rubuta sunan wasan da kansa, da Hausa da Faransanci, ya juyo mana da fuskar wayar. Babu komai. Na ce masa ni na kalli wasan da idona, kashi takwas ɗin duka. Ya ce, "Kai ai abokinsa ne, Baba." Sannan ya juya ga Yakuba. "Ban zo faɗa ba. Amma kayan nan da aka kwashe ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai na marayu a ciki. Na bar ka da Allah." Ya hau baburinsa ya tafi.

Na ɗauka maganar za ta mutu cikin kwana biyu. Ba ta mutu ba. Ƴan kabu-kabu suka fara wuce rumfar suna tura babur da taya a sace har wani mai faci da ke can sama kusa da tasha. In Yakuba ya isa wurin mai shayi, hira sai ta yanke, a koma zancen zafi da tsadar hatsi. Nasiba tana tuyar masa a ƙofar gida, ta fara komawa ciki da rabin ƙullu. Wata safiya Yakuba ya zo rumfa ya tarar an yanka tiyon injin iskarsa gida uku, an kifar da durom.

Tsofaffin gari sun san gaskiya, kuma wasu sun faɗa. Amma faɗinsu bai da ƙarfi, kamar wanda ke tuna mafarki. Wani ya ce wasan na rediyo ne, wani ya ce ba Yakuba ne ya fito ba, ƙanensa ne. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne maganar wani sa'ansa da suka yi samariya tare, wanda ya ce a gaban mutane bayan sallar la'asar, "Teyatur ne kam. To amma wa ya san abin da Mushe ya gani a jikinsa da ya zaɓe shi?" Wataƙila da wasa ya faɗa. Yakuba ya kwana biyu bai fito ba.

A rana ta uku ya same ni a gida ya ce zai tafi Yamai. "In na kawo wasan nan aka kalla daga farko har ƙarshe, da sunayenmu a rubuce, da na Mushe Siddo, magana ta ƙare," ya ce. Na ce masa mai son zarginka ko ka kawo ba zai kalla ba. Ya ce shi dai yana son ya riƙe abin a hannunsa.

Ƴarsa Yasmin ungozoma ce a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a Yamai, ita ta raka shi gidan tele. Abin da ya faru can daga bakinsa na ji. Sun yi zirga-zirga kwana uku kafin a haɗa su da wani dattijo da ya yi aikin na'ura tun wancan zamani, wanda ya kusa ritaya. Da Yakuba ya faɗi sunan wasan, dattijon ya dube shi da kyau, ya sa hannu bayan kunne, ya karkata kai. Yakuba ya ce ya ji kamar ya rungume shi. Amma abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne. Dattijon ya ce a wancan lokaci kaset ɗin ɗaukar shiri yana da tsada kuma daga waje ake kawo shi, don haka in an nuna shiri an gama, sau da yawa sai a goge a ɗora wani. Waɗanda suka tsira kuma zafi da shekaru sun ci wasu, wasu babu na'urar da za ta karanta su yanzu. Ya shiga ɗakin ajiya da su, suka duba kanta bayan kanta har azahar. Ba su samu ba.

"Shawara ɗaya zan ba ka," dattijon ya ce. "Lokacin da aka maimaita shi, masu hali sun fara sayen manyeto, na'urar ɗaukar shirin tele a kaset. Nemi wanda ya ɗauka a gida. In yana nan, a ƙasan akwatin wani yake, ba a nan ba."

A hanyar dawowa Yakuba ya tuna da Bibata. Ita ce ta fito a matsayin babbar ƴar kasuwa a wasan, macen da Kunnen Duwan ya fi cuta. Ta auri wani mai fitar wa ƴan kasuwa takardun kaya, mutum mai son kayan zamani, yana cikin na farko da suka sa manyeto a Gaya. Bayan rasuwarsa ta koma garinsu Tunuga tana sana'ar ƙyafe kifi. Na ari motar ɗana na kai shi.

Mun same ta a bayan gida tsakanin tanderu biyu, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Ta yi ƙiba, tana dogara sanda. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta gane shi.

"Fofo, Yakuba," ta gaishe shi da Dandanci. "Ashe kana raye. Wa ka zo kai ƙara yau?"

Ya yi ƙoƙarin dariya bai iya ba. Da ya ba ta labari, sai ta zauna kan turmi. Daga baya ta sa aka fito da wani akwatin ƙarfe daga ɗaki. Ta ce ambaliyar 2020 ta shiga gidan har gwiwa, akwatin ya kwana biyu cikin ruwa, kuma tun ranar ba ta da zuciyar buɗe shi. Muka buɗe. Kaset sun kai talatin, duk sun yi farar fumfuna ta ciki, takardun jikinsu sun manne sun ɓaɓɓake. Muka riƙa ɗagawa ɗaya ɗaya muna karantawa a rana. A na kusa da ƙarshe aka ga rubutun mijinta da jan biro, sunan wasan, da lamba biyar da shida.

Yakuba ya karɓa. Ya naɗe shi cikin rawaninsa. Bibata ta ce, "Ka kai ka dawo mini da shi. Ban sake ganin kaina ba tun ina da haƙora duka."

A Gaya babu sauran mai manyeto mai aiki. An ce mana akwai wani Safiyanu a Malanbil da ke juya tsofaffin kaset na biki zuwa katin waya. Dole muka bi kwale-kwale, tare da mutanen da suka fi kowa zarginsa. Ba wanda ya hana shi shiga, amma da ya zauna sai wanda ke kusa da shi ya tashi ya koma kan buhu. Wata mata da ke ba da labarin inda za ta sauke kayanta ta haɗiye maganar a tsakiya. Har muka kai waccan gaɓa ba a jin komai sai ƙarar inji. Yakuba ya ƙura wa ruwa ido, rawanin na kan cinyarsa.

Safiyanu mutum ne mai kimanin shekara arba'in, mai fara'a, shagonsa cike da gawarwakin rediyo da tele. Ya buɗe kaset ɗin ya girgiza kai. Ya ce sai ya warware zaren ya goge da auduga da alkol a hankali, in ba haka ba zai tsinke ya kuma lalata masa na'ura. Ya ce mu dawo bayan kwana uku.

Ranar da muka koma ya tarbe mu da murna, ya ce an samu wani abu. Ya ba mu kujeru gaban wata ƙaramar tele, ya danna. Hoto ya yi ta rawa, sannan ya tsaya. Filin kokawa ne, ƴan kokawa biyu sun kama juna, makaɗa na zuba kirari. Safiyanu ya ce mijin Bibata ya ɗora kokawa a kan wasan, kusan kaset ɗin duka. Ya tura gaba, ya tura gaba. Can kusa da ƙarshe kokawar ta yanke, allon ya yi yayyafi, sai ga bayan tsohon shagon nan na bakin gulbi.

Minti huɗu ne suka tsira. Ga Yakuba siriri, gashi baƙi ƙirin, yana leƙe-leƙe. Ga ɗan duwan cikin kaki yana jingine da bango. Yakuba ya matso ya fara raɗa masa sunayen ƴan kasuwa, da mashigin da za su bi, da ranar. Ɗan duwan ya zura masa wani abu a aljihu. Babu kiɗa, babu rubutun suna, babu abin da zai nuna wa baƙo cewa wasa ne, in ban da wanda ya san Rashidu. Kafin a kai wurin da zai sa hannu a kunne, zaren ya ƙare.

"Mayar baya," Yakuba ya ce.

Sau uku aka mayar. Na lura ba kansa yake kallo ba, Rashidu yake kallo. Ya ce, "Kakin ya yi masa yawa. Nasiba ce ta kama masa shi da allura ta baya. Dubi yadda yake tsayuwa don kada a gani." Ya share ido da gefen riga.

Na ce masa a hankali, "Yakuba, wannan ba zai taimake ka ba."

"Na gani," ya ce. Ya juya ga Safiyanu. "Ɗana, ka sa mini a kati ɗaya, don matar da ta ba ni. Kada ka ba kowa."

Fuskar Safiyanu ta canza. Ya ce tun jiya da ya ga hoton ya fito, daɗi ya kama shi, ya tura wa wani rukunin abokansa a waya masu son ganin Gaya ta da. Bai san labarin da ke ƙasa ba, ba mu kuma gaya masa ba. Ya yi ta ba da haƙuri, ya goge a gabanmu, amma mu duka mun san an makara.

Kafin kwale-kwalenmu ya taɓa gaɓar Gaya, hoton ya riga mu. Wani ya yanke shi ya bar wurin raɗar da wurin aljihu, ya rubuta a ƙasa cewa tun 1985 yake wannan aiki. Masu ɗaukar kaya a bakin ruwa suna riƙe da wayoyi suna kallonmu muna hawowa. Yakuba ya bi ta tsakiyarsu da kansa a sunkuye, ni ina bayansa, kuma ban taɓa jin gangaren nan ya yi tsawo kamar ranar ba.

Ba kowa ne ya yarda ba, gaskiya. Akwai matasan da suka ce wa zai tsaya a ɗauke shi hoto yana kai rahoto, ai kowa ya ga shiri ne. Tsofaffin mata da suka ga Rashidu suka yi ta salati suna kiran sunan uwarsa. Bibata ta sa jikarta ta ɗauki muryarta da Hausa da Dandanci, ta bayyana komai, ta ce duk mai shakka ya zo Tunuga ya same ta. Saƙon nata ya yi minti tara. Mutane kaɗan ne suka saurara har ƙarshe, kuma bai yi tafiyar da guntun hoton ya yi ba.

Yakuba ya rufe rumfar bakin gada bayan sati biyu. Ba wanda ya kore shi. Ya ce ya gaji da ganin mutane na rage murya. Bayan ya rufe da wata guda aka sake tare kayan Abdurrahman, da na wasu da dama, domin sintiri ne aka tsananta a duk mashigan. Na ɗauka zai zo ya ba da haƙuri. Bai zo ba. Sun haɗu a wata jana'iza, ya ce, "Baba, sannu da ƙoƙari," ya wuce. Wasu kuma suka ce ai rufe rumfa ba ya hana waya aiki.

Yanzu yana da ƴar rumfar zana a hanyar Bengu, inda ba kowa sai manoma da kekuna da baburan da ke kai rake kasuwa. Ya sayar da injin iska, da famfon hannu yake aiki. Tansiyo, wato hawan jini, ya kama shi, Yasmin ke aiko masa da magani. Manoman can ba su san labarin ba, Malam Yakuba suke ce masa, kuma ya gaya mini wani lokaci sai an kira sau biyu kafin ya gane da shi ake.

Da babbar salla da ta wuce, Yasmin ta zo gida da wata shawara. Ta ce tun da wasan ya ɓata, a zauna a faɗe shi da baki daga farko har ƙarshe, ta ɗauka a waya, ko don jikoki. Na je Tunuga na ɗauko Bibata. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan Yakuba bayan azahar, Nasiba ta kawo soyayyen nama da fura. Da farko yana ta noƙewa, amma da Bibata ta miƙe da sandarta ta fara zazzaga masa masifa irin ta kashi na biyu, kalma bayan kalma, sai ya amsa mata, muryarsa ta koma siririya kamar ta da. Nasiba ta yi dariya har ta ƙware. Sun tuna abin da ban yi zato ba, har da waƙar da masu tuƙin jirgi ke yi a kashi na huɗu.

A kashi na takwas suka saɓa. Bibata ta ce ƴan kasuwa sun gano shi, suka jefa shi gulbi, ya yi iyo ya fita waccan gaɓa bai sake dawowa ba. Ta ce tana tuna ranar sarai, don ita ta fara tura shi. Yakuba ya ce ba haka ba ne. Ya ce jefawar a kashi na bakwai take, a na takwas ya dawo gaban mai gari ya durƙusa ya faɗi gaskiya, aka yafe masa, Mushe Siddo da kansa ya fito a mai gari.

"Wannan a gasar Doso ne," Bibata ta ce. "Mutanen tele sun cire shi, sun ce ya yi tsawo."

"Ba su cire ba, Bibata. Na durƙusa a kan tsakuwa har gwiwata ta fashe. Ga tabon."

"Durƙusawa ka yi, ban musa ba. Nunawa ce ba a yi ba."

Suka juyo gare ni, tun da na sha faɗa cewa na kalli kashi takwas ɗin duka. Na bincika kaina ban samu komai ba. Ina tuna filin, ina tuna inda nake tsaye da wanda ke gefena, amma abin da ke cikin akwatin a wannan Alhamis ta ƙarshe ya tafi. Na faɗa musu haka. Nasiba ta ce ita ranar tana ɗakin girki a gidansu. Yasmin ta ce za ta ajiye duka biyun. Yakuba ya zauna yana shafa gwiwarsa ta kan wando.

Da la'asar sakaliya na mayar da Bibata gida. Mun wuce gonakin shinkafa, mun kusa Tunuga, sai ta juyo gare ni.

"Da na sani da na bar masa," ta ce. "Ni ma ba wai na tabbata ba ne. Bakina ne ya riga ni." Ta gyara ƙullin naman da Nasiba ta ba ta a kan cinya. "Ka ga ƙafafunsa kuwa? Sun kumbura. Ka gaya wa ƴar nan ta kai shi a duba shi da kyau, kada ta tsaya ga ƙwayoyin nan kawai."

Na ce zan gaya mata. Na sauke ta a ƙofar gida, na kama mata hannu ta tsallake kwata, sannan na juya mota.